Glenda Jackson: tambayoyi da amsoshi kan 'yar wasan da ta bar dandamali ta shiga majalisa, ta dawo tana da shekara 80

Idan aka zo lissafin manyan 'yan wasan kwaikwayo mata na Birtaniya, sunayen da suka fi saurin zuwa baki su ne Judi Dench da Maggie Smith, saboda matasa sun gan su a manyan finafinan zamani. Glenda Jackson sa'arsu ce, kuma a wajen masu kallon wasan dandamali ba ta gaza su da komai ba. Abin da ya sa ba kowa ya san ta ba shi ne ta yi shekara 23 ba ta fito a wasa ko ɗaya ba, tana can majalisar dokoki. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi a kanta.

Wace ce Glenda Jackson?

'Yar wasan kwaikwayo ce ta dandamali da talabijin da fim, kuma 'yar siyasa. An haife ta ranar 9 ga Mayu, 1936, a Birkenhead, garin da ke fuskantar Liverpool ta tsallaken kogin Mersey. Ta rasu ranar 15 ga Yuni, 2023, a gidanta da ke unguwar Blackheath a Landan, tana da shekara 87. Ta ci lambar Oscar sau biyu, ta ci Emmy, ta ci Tony, wato manyan lambobin yabo na fim da talabijin da dandamali, kuma 'yan wasan da suka haɗa ukun nan ba su da yawa. Daga 1992 zuwa 2015 ta wakilci wata mazaɓa ta arewacin Landan a ƙarƙashin jam'iyyar Leba.

Daga wane irin gida ta fito?

Gidan talakawa. Mahaifinta, Harry, birkila ne. Mahaifiyarta, Joan, ta yi aikin shara da goge-goge a gidajen mutane, ta kuma yi jiran kanti. Glenda ce babba a cikin 'ya'ya mata huɗu, kuma a Hoylake ta tashi, wani ƙaramin gari a bakin teku. Tana 'yar shekara uku Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, don haka ƙuruciyarta ta zo a lokacin da maza ke fagen daga, mata ke riƙe da gidaje, abinci kuma sai da kati ake samu.

Ta bar makaranta tana da shekara 16, ta kama aiki a kantin magani na Boots, inda ta yi kimanin shekara biyu tana jiran kanti. A lokacin ne ta shiga wata ƙungiyar wasan kwaikwayo ta 'yan sa-kai a garinsu. A 1954 ta samu tallafin karatu zuwa RADA, fitacciyar makarantar horar da 'yan wasa da ke Landan. Ba don wannan tallafi ba, da wuya 'yar birkila ta taka ƙofar makarantar, kuma ita kanta ba ta taɓa mantawa da haka ba. Duk wanda ke son fahimtar siyasar da ta yi daga baya, daga nan zai fara.

Da gama makaranta ta yi suna?

Ko kusa. Ta sha ba da labarin cewa shugaban makarantar ya gaya mata kada ta sa ran samun aiki sosai kafin ta kai shekara 40, domin ba irin fuskarta ake nema a ba jaruma ba. A zamanin ana son 'yan mata masu laushin murya da sanyin kallo, ita kuwa muryarta kakkaura ce, kallonta kaifi.

Daga 1957 ta shiga ƙananan kamfanonin wasa na garuruwa. Tsarinsu mai wahala ne: a wurare da yawa kowane mako sabon wasa ake sakawa, saboda haka da dare kana kan dandamali kana yin na wannan makon, da rana kana gwajin na mako mai zuwa, a tsakani kana haddace na gaba. Albashin bai taka kara ya karya ba, kuma 'yar wasa kan yi har da share dandamali da jera kayan wasa. A nan ta haɗu da Roy Hodges, suka yi aure a 1958. Akwai lokacin da ta yi kusan shekara biyu babu aikin wasa sam, ta koma jiran kanti da raba abinci a gidajen shayi. Kusan shekara shida ta yi a wannan hali. Har ta tsufa tana cewa duk sanda ta gama wani aiki sai ta ji kamar ba za a sake kiran ta ba.

To wa ya fito da ita?

Darakta Peter Brook. Shi ne ya ɗauke ta cikin wani rukunin gwaji a kamfanin Royal Shakespeare, kuma a 1964 ya ba ta matsayi a wasan Marat/Sade na Peter Weiss. Wasan yana faruwa ne a gidan masu taɓin hankali a Faransa, inda majinyata ke kwaikwayon kisan Marat, ɗaya daga cikin jagororin juyin juya halin ƙasar. Glenda ta fito a matsayin wata majinyaciya mai ciwon barci, wadda aka ba ta ta kwaikwayi Charlotte Corday, matar da ta daɓa wa Marat wuƙa yana cikin bahon wanka.

Aiki biyu ke nan a jiki ɗaya: ga mara lafiya da barci ke fizgar ta a tsakiyar magana, ga mai kisa da ta ƙudura niyya. Akwai wurin da ya kamata ta yi wa wani bulala. Maimakon bulala, sai ta sunkuya tana kaɗa dogon gashinta a gadon bayansa, sauran 'yan wasa suna yin sautin saukar bulalar da baki. Waɗanda suka kalla sun daɗe suna maganar wannan wuri. Wasan ya je New York a 1965, aka mai da shi fim a 1967. A 1965 ɗin kuma ta fito a matsayin Ophelia, budurwar yarima Hamlet, a wasan Hamlet na Shakespeare da Peter Hall ya shirya, inda masu sharhi suka ce da ƙarfin da ta nuna, ita ma za ta iya yin Hamlet ɗin da kanta. Bayan shekara 50 maganar ta tabbata ta wata hanya, da ta fito a matsayin Sarki Lear.

Da waɗanne finafinai ta ci Oscar?

Na farko Women in Love ne na 1969, wanda Ken Russell ya ba da umarni, inda ta fito a matsayin Gudrun. Tana ɗauke da cikin ɗanta Dan lokacin da ake ɗaukar fim ɗin. Na biyu A Touch of Class ne na 1973, fim ɗin barkwanci da ta yi da George Segal. An kuma sa sunanta a takarar lambar saboda Sunday Bloody Sunday na 1971 da Hedda na 1975. Takara huɗu ke nan cikin 'yan shekaru, ta ci biyu.

Ba ta halarci bikin ba ko sau ɗaya daga cikin biyun da ta ci. Ta ce tana da aiki a gabanta. Gumakan lambar kuma ta kai wa mahaifiyarta, wadda ta riƙa tokare littattafai da su a kan kanta. A wajen Glenda lamba abu ce da wasu suka yanke shawarar ba ka, aikin shi ne naka.

Yaya mai irin wannan tsare gida ta koma barkwanci?

Ta hanyar talabijin. A 1971 aka gayyace ta shirin Morecambe da Wise na BBC, 'yan barkwanci biyu da miliyoyin mutanen Birtaniya ke kallo. Aka sa ta fito a matsayin Sarauniya Cleopatra a wani wasa da aka rubuta da gangan da maganganu marasa kan gado, ita kuma ta furta su da cikakkiyar isa, ko murmushi babu. Abin dariyar ke nan. Darakta Melvin Frank ya ga shirin, ya gane cewa matar nan ta san lokacin sakin magana, sai ya neme ta a A Touch of Class. Daga baya ta yi wasu finafinan ban dariya da Walter Matthau a Amurka, House Calls a 1978 da Hopscotch a 1980.

Wane aikinta na talabijin ne ya fi fice?

Elizabeth R, wanda BBC ta nuna a 1971 cikin kashi shida. Tarihin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ne, wadda ta mulki Ingila daga 1558 zuwa 1603 ba tare da ta yi aure ba. Glenda ta ɗauke ta tun tana gimbiya mai fargabar a sare mata kai, har zuwa tsohuwa mai shekara kusan 70 da ta ƙi kwanciya a gado tana gab da mutuwa. Don goshinta ya yi faɗi irin na hotunan sarauniyar, sai da aka aske mata gashin gaban kai. A kashin ƙarshe kuma an lafta mata farar hoda mai kauri da ƙarin hanci, har ba a iya gane ta sai ta buɗe baki.

Abin da nake gani ya sa wasan bai tsufa ba shi ne ba ta nemi mai kallo ya so sarauniyar ba. Ta nuna mace mai kaifin basira wadda kullum tana kewaye da maza masu son juya ta, kowa da mijin da yake so ya aura mata, ita kuma tana ja musu rai shekara da shekaru, tana ba wannan fata, tana tsorata wancan. Kana kallon idonta kana ganin lissafi yana tafiya kafin magana ta fito. Ta ci Emmy biyu da wannan aiki. A shekarar dai ta sake fitowa a matsayin sarauniyar a fim ɗin Mary, Queen of Scots, tare da Vanessa Redgrave.

Ta bar dandamali ne da ta samu finafinai?

Ba ta bari ba. Ta yi Hedda Gabler a 1975, ta yi Stevie a 1977, ta koma wajen Peter Brook ta yi Cleopatra ta Shakespeare a 1978, shekarar da aka ba ta lambar girmamawa ta CBE. A 1984 ta yi Strange Interlude na Eugene O'Neill, wasan da ke cin kusan awa biyar, a 1988 ta yi matar Macbeth a New York tare da Christopher Plummer, a 1990 kuma Mother Courage a Glasgow. Sai dai ta sha kokawa cewa marubuta ba sa rubuta wa mata manyan matsayi, musamman da zarar mace ta wuce 40. Sai a mai da ita uwar jarumi ko matarsa.

Me ya kai ta siyasa?

Fushi da mulkin Margaret Thatcher, Firaministar da ta jagoranci Birtaniya daga 1979 zuwa 1990. Glenda 'yar Leba ce tun tana budurwa, kuma ta ce ranar da ta ji maganar Thatcher cewa babu wani abu wai shi al'umma, sai ɗaiɗaikun mutane da iyalansu, ranta ya ɓaci matuƙa. Yarinyar da tallafin karatu ya fitar daga jiran kanti ba za ta ji wannan ta yi shiru ba.

A zaɓen 1992 ta tsaya a mazaɓar Hampstead da Highgate, ta ƙwace kujerar daga hannun masu ra'ayin riƙau, ta kayar da Oliver Letwin, duk da cewa jam'iyyarta ta faɗi zaɓen ƙasa a hannun John Major. Mutane da yawa sun ɗauka za ta riƙa haɗa biyu, majalisa da rana, dandamali da dare. Ta ajiye wasan gaba ɗaya. Ta ce wanda ya zaɓe ka bai ba ka rabin aiki ba.

Ta taka rawar gani a majalisa?

A nan ra'ayi ya rabu, kuma gaskiya ita ce ba ta kai matsayin da ta kai a wasa ba. Da Tony Blair na jam'iyyar Leba ya ci zaɓe a 1997 ya naɗa ta ƙaramar ministar sufuri, mai kula da harkar zirga-zirga a Landan. Ta yi murabus a 1999 don neman tikitin jam'iyya na magajin garin Landan, ta sha kaye a fidda gwani. Daga nan ta koma kujerun baya, na 'yan majalisa marasa muƙami, ta zama cikin masu sukar Blair daga cikin gida. Ta yi adawa da yaƙin Iraƙi na 2003, ta yi adawa da ƙarin kuɗin jami'a, ta fito fili ta ce ya sauka. Wanda ke neman muƙami ba ya bin wannan hanya, kuma ba a sake ba ta wani ba.

Abokan aikinta sun ce ba mai shiga hira da raha ba ce a harabar majalisa, wasu ma suna ganin ta cika tsare gida. Ita kuwa aikin mazaɓa ta sa a gaba: matsalar gidan haya, takardun baƙi, marasa wurin kwana. A 2010, bayan an sake shata mazaɓar ta koma Hampstead da Kilburn, ta sha da ƙyar: ƙuri'a 17,332 ta samu, na biye da ita 17,290, tazarar ƙuri'a 42 kacal.

Wane jawabi ne nata aka fi tunawa?

Na ranar 10 ga Afrilu, 2013. Thatcher ta rasu kwana biyu kafin nan, aka kira majalisa zaman musamman don yi mata ta'aziyya da yabo. Da aka zo kan Glenda, sai ta miƙe ba takarda a hannu, ta shiga lissafo abin da ta gani da idonta a zamanin: makarantun da ɗakunan karatunsu babu littattafai, asibitocin da suka lalace, ƙofofin shagunan Landan da suka koma ɗakin kwanan marasa gida. Ta ce abubuwan da aka tarbiyyantar da ita a kan cewa aibi ne, irin su haɗama da son kai da rashin tausayin mai rauni, a zamanin Thatcher an mai da su abin yabo. Ta kawo matan da suka raine ta lokacin yaƙi, ta ce idan da su za a auna, ba ta ganin Thatcher a matsayin abin koyi ga mata.

'Yan ɗaya ɓangaren suka yi ta ihu, ba ta ɗaga murya fiye da kima ba, ba ta kuma tsaya ba. Shekarun da ta yi tana isar da magana har kujerar ƙarshe a gidan wasa sun yi mata rana. Wani ɗan majalisa ya kai ƙara wajen kakaki John Bercow, kakakin ya ce ba ta karya wata doka ta majalisa ba.

Mai karatu na iya cewa bai dace a yi wa mamaci haka ba tun kafin a binne shi, kuma wannan magana ce mai nauyi, da yawa a Birtaniya ma haka suka ce. Nawa ganin, zaman na majalisa ne, abin da aka faɗa a ciki yana shiga kundin tarihi, kuma akwai miliyoyin mutanen da manufofin nan suka taɓa waɗanda ba su da bakin magana a zauren. Ba ta zagi iyalin mamaciyar ba, manufofi ta tuhuma. Mace ce kaifi ɗaya, abin da ta faɗa Thatcher na raye shi ta maimaita bayan ta mutu.

Da gaske ta fito a matsayin sarki namiji tana da shekara 80?

Da gaske. Ta bar majalisa a 2015, ta fara da wasan rediyo a BBC, sannan a 2016 ta hau dandamalin Old Vic a Landan a matsayin Sarki Lear, ƙarƙashin darakta Deborah Warner. Rabonta da dandamali shekara 25.

Ga wanda bai san wasan ba: tsohon sarki ne ya yanke shawarar raba ƙasarsa ga 'ya'yansa mata uku, ya ce kowace ta faɗi irin son da take yi masa. Manyan biyu suka zuba daɗin baki suka samu rabo. Ƙaramar, wadda ita ce mai ƙaunarsa da gaske, ta ƙi yin fadanci, ya kore ta. Da mulki ya bar hannunsa, manyan suka rage masa dakarun rakiya, suka rufe masa ƙofa, ya fita cikin hadari da ruwan sama hankalinsa ya gushe. Sai a ƙarshe ya gane wadda ta so shi, lokacin da ba sauran gyara. Ana ɗaukar wannan matsayi a matsayin mafi wuya ga tsohon ɗan wasa, domin wasan ya haura awa uku, kuma yana buƙatar murya da numfashi da ƙwaƙwalwar da yawancin masu shekarun Lear sun riga sun rasa.

Glenda ba ta mai da shi sarauniya ba, ba ta kuma manna gemu ko ta ƙaƙalo muryar maza ba. Ta fito da gajeren gashinta da siririn jikinta, aka kira ta sarki, kuma bayan 'yan mintuna 'yan kallo suka daina tunanin jinsi. Hujjarta ita ce idan mutum ya tsufa ƙwarai, bambancin namiji da mace yakan fara dushewa, abin da ya rage shi ne mutum da tsoronsa da taurin kansa. Ta ƙara da cewa shekarun da ta yi tana ziyartar gidajen kula da tsofaffi a mazaɓarta sun nuna mata haka. Ga kuma shekara 23 da ta yi tana kallon masu mulki a kusa, ta ga yadda mutumin da ba a taɓa ce wa a'a ba yake yi ranar da aka fara ce masa. A ganina wannan ne ya sa dawowarta ta fi tafiyarta ƙarfi: majalisa ba ta cinye mata sana'a ba, ta ƙara mata abin da za ta zuba a ciki. Ta ci lambar jaridar Evening Standard da wannan wasa, ta sake yin sa a New York a 2019 da wani daraktan, Sam Gold.

Me ta yi bayan Lear?

A 2018 ta fito a Three Tall Women na Edward Albee a New York, a matsayin attajirar tsohuwa mai zafin baki da ta haura 90, ta ci lambar Tony tana da shekara 82. A 2019 ta koma talabijin da Elizabeth Is Missing na BBC, inda ta fito a matsayin Maud, tsohuwa mai fama da cutar mantuwa, wadda ta dage cewa ƙawarta ta ɓace amma ba mai saurarenta. Aljihunta cike yake da 'yan takardun da take rubuta wa kanta don kada ta manta, kuma ɓatan ƙawar yana cakuɗe mata da ɓatan yayarta shekara 70 da suka wuce. Duk wanda ya taɓa jinyar tsoho mai gigin tsufa zai gane wurin da Maud ke zaune a teburin cin abinci, kalmar da take nema ta ƙi zuwa, takaici ya sa ta fashe da ihu. Ta ci BAFTA, babbar lambar yabo ta fim da talabijin a Birtaniya, da Emmy ta ƙasa da ƙasa a 2020.

Fim ɗinta na ƙarshe The Great Escaper ne, tare da Michael Caine, labarin gaske na wani tsohon soja da ya sulale daga gidan kula da tsofaffi a 2014 ya tafi Faransa bikin cika shekara 70 da saukar sojojin ƙawance a Normandy. Ita ce matarsa a fim ɗin. Ta gama ɗaukarsa, amma ya fito a Oktoban 2023, bayan rasuwarta.

Iyalinta fa?

Aurenta da Roy Hodges ya mutu a 1976, ba ta sake aure ba. Ɗansu ɗaya, Dan Hodges, marubucin sharhin siyasa ne a jaridun Birtaniya, kuma sau da yawa ra'ayinsa ya saɓa da nata. A shekarunta na ƙarshe tana zaune a sashen ƙasa na gida ɗaya da shi da iyalinsa a Blackheath, tana kula da lambunta.

Wanda bai taɓa kallon ta ba, da me zai fara?

Da Elizabeth R, sannan Elizabeth Is Missing, don ya ga mace ɗaya a farkon ƙarfinta da kuma bayan kusan shekara 50. Waɗannan biyu da The Great Escaper babba zai iya kallo da iyalinsa. Finafinanta na farkon shekarun 1970 kuwa, musamman Women in Love da The Music Lovers da Sunday Bloody Sunday, akwai tsiraici da batutuwan manya a cikinsu, ba na zama da yara ba ne. Marat/Sade yana da nauyi da tayar da hankali, amma shi kaɗai ne zai nuna maka yadda take a dandamali tana matashiya, tunda da 'yan wasan asali aka ɗauke shi. Jawabin 2013 kuma yana nan a YouTube, bai kai minti goma ba.